Wuni guda a tsakiyar Bahar Rum: yadda ranar Kirsimeti ta kasance ma iyalin Kawu cikin jirgin ruwa

Mutum bakwai ne a tafiyar. Kawu, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar fata da albasa ne nan Sakkwato, ya haura sittin, yana da ciwon suga da hawan jini amma dai da ƙarfinsa. Sai Hajiyarsa, sai babban ɗansu da muke ce ma Injiniya wanda ke aiki a Jamus, da matarsa da ɗiyansu biyu ƙanana, sai auta da ke karatu a jami'ar Ɗanfodiyo. Injiniya ne ya biya komai, wai tunda hutun ƙarshen shekara bai isarsa ya zo gida ya zaga dangi ya koma, gara shi ya ɗauko tsofaffin su haɗu a can, a shiga irin jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa na kwana bakwai. Ni sana'ata haɗa ma mutane takardun biza da tikiti, yawanci na Umra, don haka ni na cika masu takardun Shengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai, Yuro 90 kuɗin biza na kowane babba, ga inshorar lafiya ta dole da ba a karɓar wadda ta kasa Yuro 30,000. Bayan sun dawo na ji labarin daga bakin mutum huɗu, kuma inda bakinsu ya zo ɗaya da inda ya saɓa duk a kan wuni guda ne, wunin da jirgi bai tsaya ko'ina ba.

Hanyar jirgin sananniya ce a lokacin sanyi: a tashi daga Barsalona ta Sifaniya, a tsaya Marsai ta Faransa, sai Jenowa ta Italiya, sai tashar da ake sauka a je Roma, sai Palermo a tsibirin Sisili, sai Malta, daga Malta kuma a miƙe a koma Barsalona. Tsakanin Malta da Barsalona ya fi kilomita 1,200, ya ɗara Sakkwato zuwa Legas kenan, kuma irin waɗanga jirage duk girmansu gudunsu bai cika wuce kilomita 40 a awa ba, to dole a kwana, a wuni, a sake kwana kan ruwa. A tasu tafiyar wannan wunin ya faɗo daidai 25 ga Disamba, kuma shi ne cikakken wuninsu na ƙarshe. Duk shirin da anka yi tun daga nan gida na garuruwan da za a sauka ne, ina za a samu masallaci a Marsai, wa zai tura Hajiya in ta gaji a Roma, nawa za a canza. Wunin teku kowa ya ɗauke shi ranar hutu da ba ta buƙatar shiri, ashe nan gizo ke saƙar.

Maganar ɗaki

Tushen matsalar tun ranar sayen tikiti anka shuka shi. Injiniya, da niyyar girmama iyaye, ya kama masu ɗaki mai baranda a can hawa na sama kuma wajen goshin jirgi, inda in ka buɗe labule sai ruwa iya ganinka, shi kuma da matarsa da yara sunka ɗauki mai arha, na ciki wanda ko taga babu, a hawan ƙasa tsakiyar jirgi, auta na kusa da su. A ido ya yi daidai, wa zai sa uwarsa a ɗaki marar taga shi ya hau bene. Amma jirgin ruwa ba otal ba ne. Tsakiyarsa ta ƙasa ita ce wurin da motsi ya fi ƙaranci, goshi da wutsiya su ke ɗagawa su sauka, kuma iya hawanka sama iya yadda za ka ji lilon. Manyan jirage suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ake fiddawa don rage tangaɗin hagu da dama, sai dai ba su da wani tasiri sosai a kan sama-da-ƙasan da goshi ke yi in ana karo da raƙuman ruwa gaba da gaba.

Kwana biyar na farko babu wanda ya gane haka don da dare ake tafiya, gajera, gari na wayewa an iso tasha. Daren da sunka bar Malta ne abin ya canza. Akwai iskar da ake kira Mistral, tana gangarowa daga kwarin kogin Rhone a kudancin Faransa ta faɗo teku daga arewa maso yamma, tana da ƙarfi a lokacin sanyi kuma tana kai wa har wajen tsibirin Sardiniya, shi kuwa jirgin da ya nufi Barsalona daga Malta arewa maso yamman nan ya dosa, wato ƙirji da ƙirji. Kafin asuba Hajiya, wadda iyakar saninta da ruwa kwalekwalen gulbin Rima ne tun tana yarinya, ta fara haraswa. Ta ce ma Kawu, "Alhaji wanga ɗaki shina yawo da ni, a kira min yaron nan," don ba ta faɗin sunan ɗan fari ko a tsakiyar teku.

Abin da ta yi kuwa shi ne abin da kusan kowa ke yi, ta ja labule ta kashe fitila ta ƙudundune ta ƙi cin komai tana jan carbi a waya. Shi jirin teku rikici ne tsakanin ido da can cikin kunne inda ke auna daidaiton jiki, kunne na cewa ana motsi ido na cewa bango tsaye yake, ƙwaƙwalwa ta ruɗe ta tada zuciya. Duban waya ko karatu ƙara shi suke, abin da ke ragewa a samu iska, a zuba ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, a ɗan riƙa tauna busasshen abu kamar biskit ko burodi, wasu citta na yi masu. Maganin jiri kuma kafin a fara ake shansa, in amai ya kankama ko ka haɗiya dawowa yake. Suna da shi a jaka tun daga kemis ɗin Sakkwato, babu wanda ya tuna da shi daren da kyaftin ya yi sanarwar za a samu iska, don sanarwar da harsuna biyar ko shida anka yi ta a lasifika ana tsakiyar cin abinci, ba mai saurare.

Abin da ya fi jirin haɗari

Hankali duk ya koma kan Hajiya, ba a lura Kawu ya sha maganin sugansa bayan sallar asuba kamar kullum ba, kuma bai karya ba, shi ma zuciyarsa na tashi amma dattijo ba ya faɗi. Wajen ƙarfe goma matar Injiniya ta shigo da shayi ta tarar da shi zaune bakin gado gumi na keto masa cikin wannan sanyi, hannu na kyarma, tana gaishe shi yana amsa wani abu daban. Allah ya sa mahaifiyarta ma mai suga ce ta san alamar. Ta durƙusa ta ce "Baba kun ci wani abu kuwa?" ya girgiza kai, ta ɗauko na'urarsa ta auna ta ga sugansa ya faɗo ƙasa da 70, nan take ta zuba sukari a shayin ta ba shi, ta tura auta ta kawo lemon kwali da burodi. Cikin kwata ɗin awa ya dawo hayyacinsa har yana faɗan wa ya ce a tada ma mutane hankali.

Ni a ganina duk cikin abin da ya faru a wunin wannan ne kaɗai zai iya zama babban abu. Jirgin yana da asibiti ƙarami da likita da nas, can hawan ƙasa, kuma sun kai su biyun an duba, an yi ma Hajiya allurar tsaida amai, amma a tsakiyar teku ake, in abu ya fi ƙarfin ɗakin nan sai dai a juya jirgi zuwa tasha mafi kusa ko a kira jirgi mai saukar ungulu in yanayi ya bari. Sannan asibitin ba ya cikin kuɗin tikiti, ganin likita kuɗi, allura kuɗi, ana ɗora shi kan asusun ɗaki ka biya, daga baya kai da kamfanin inshorarka. Mai suga da zai hau ruwa ya kamata tun gida ya tambayi likitansa, ranar da na kasa cin abinci ya zan yi da maganin, don wasu magungunan suna zubar da suga ko ka ci ko ba ka ci ba. Tambaya ce ta minti biyu a asibiti kafin tafiya.

Daga asibitin ba su koma sama ba. Nas ɗin ce ta tambayi lambar ɗakinsu, da ta ji sai ta ce akwai wanda ke da ɗaki a ƙasa cikin danginku? Nan anka yi musanya, tsofaffi sunka koma ɗaki marar taga, yara sunka haye mai baranda suna murna. Kawu da farko ya ƙi, wai ya za a yi ya kwana a ɗakin suruka, sai da anka kira mai gyaran ɗaki ya canza shimfiɗa kaf anka kwashe kayansu tukuna. Hajiya ta samu barci kafin azahar.

Ina ne gabas

Rigimar da ta fi daɗe a bakinsu har bayan dawowa ta salla ce. A tasha abu ne mai sauƙi, jirgi na ɗaure, waya na da netwok, manhaja ta nuna alƙibla. A teku wayar Kawu ta rikice, kibiyar sai juyawa take, don kamfas ɗin waya ba ya aiki daidai a cikin gini na ƙarfe zalla, lokutan salla kuma ta maƙale a kan na Malta. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya, musulmi, shi ya nuna masu dabara: a talabijin ɗin ɗaki akwai tasha da ke nuna taswira da inda jirgi yake da inda ya dosa. Mu nan Sakkwato alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, amma a wannan yanki na Bahar Rum gabas ce mai karkata kudu, kuma tunda jirgi arewa maso yamma ya nufa, alƙibla ta faɗo kusan daidai wutsiyarsa. Kenan ka juya ma goshin jirgi baya ka kabbara, in ya canza hanya ka sake dubawa.

Lokaci ma ya zo da nasa. Agogo bai canza ba don a lokacin sanyi Malta da Italiya da Sifaniya duk awa ɗaya suke da Najeriya, shi ya sa Kawu ya saki jiki da lokutan gida da ke kansa. To amma rana a can ƙarshen Disamba ba ta fitowa sai bakwai da rabi ta gota, biyar da 'yan mintuna ta faɗi, alhali a Sakkwato magariba sai shida ta wuce. La'asar tun kafin uku ta shiga. Wanda ya ce bari in ɗan kishingiɗa bayan abincin rana in tashi huɗu da rabi, ya tashi rana na shirin faɗuwa.

Nan Injiniya ya ce Baba ai matafiya ne mu, a yi ƙasaru a haɗa azahar da la'asar a huta. Kawu kuwa almajirin zaure ne, ya ce ƙasaru kam babu gardama, a Muhtasar ɗin Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce ko a teku ne in tafiya ta kai baridi huɗu, mil 48 kenan, ana yi, amma rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya a tudu anka ba da shi, ban da ruwa, don wanda ke cikin jirgi zaune yake wuri ɗaya babu wahalar sauka da hawa. Injiniya ya ce malaman da yake bi a Jamus, Shafi'awa da Hambalawa, ba su raba tudu da ruwa ba. Kawu ya ce "to kai ka bi naka, ni ban zo tsakiyar ruwa in sake mazhaba ba." Kowa ya yi tasa. Duka maganganun biyu suna da asali a littattafai, abin da ya ba ni dariya shi ne duk sun yi kwana biyar tare ba a yi wannan muhawara ba sai ranar da babu inda za a je. Hajiya dai a zaune ta yi nata don ko ta miƙe jiri ke ɗibarta, kuma a kan wannan babu wanda ya ce uffan. Masallaci babu a jirgin, a ɗaki ake shimfiɗa darduma tsakanin gado da bango, mutum ɗaya ɗaya. Buta kuwa Allah ya sa Hajiya ta sako ta roba a akwati, duk da dariyar da auta ta yi mata a filin jirgin Sultan Abubakar III.

Sauran wunin

A ranar tasha yawancin fasinja suna fita gari, jirgi ya zama fayau. A ranar teku kowa na ciki, dubban mutane, ga hutun makaranta ga Kirsimeti, ga sanyi da iska sun hana zaman waje har an rufe wasu sassan saman bene, to duk sai anka dunƙule a wurin cin abinci da falo-falo. Auta ta ce ta yi zagaye uku da faranti a hannu kafin ta samu kujera. Lifta sai ka ga ta buɗe cike ta rufe. Ko'ina bishiyar Kirsimeti da fitilu, an yi ma kiristoci addu'arsu da safe a babban zauren wasa, wani ya sa jajayen kaya da farin gemu yana raba ma yara kyauta, jikokin Kawu sunka karɓo nasu, ƙaramar ta zo tana cewa gemunsa ya fi na Kaka, shi kuma ya ce to na sake ki je ki aure shi.

Abinci akwai shi kamar a yi yaya, matsalar sanin me ke ciki. Ranar biki ce ta Turawan kudu, naman alade ya yi yawa a teburi kuma ba ko'ina ake zana hotonsa ba, sai ka san sunayen: prosciutto, pancetta, salame, jamón, duk shi ne. Giya kuma tana shiga miya da shinkafar da suke ce ma risotto da wasu kayan zaƙi ba tare da an rubuta ba. Naman halal sai an nema tun lokacin sayen tikiti kuma ba kowane jirgi ke da shi ba, su ba su nema ba, don haka mako guda kifi da ƙwai da taliya da ganye sunka ci. A ɗakin cin abinci na zama ya fi sauƙi, don teburinka ɗaya mai hidimarka ɗaya kullum, ka gaya masa sau ɗaya ya riƙe. Kilishi na hana su ɗauka tun nan, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje, amma yaji da garin kunu sun wuce lafiya, kuma kunun nan da ruwan zafin wurin shayi shi ne abin farko da ya zauna a cikin Hajiya da la'asar.

Sai kati. A jirgi ba a taɓa kuɗi, katin da anka ba ka ranar shiga shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka, kuma Injiniya ya ɗaure katunan duka bakwai a kan katin bankinsa guda. Shagunan jirgi da gidan caca a rufe suke in ana tasha saboda dokokin kwastan, sai an fita teku ake buɗewa, don haka wunin teku shi ne ranar kasuwarsu, a fito da teburan agogo da turare tsakiyar hanya ana shelar ragi, masu hoto na tare ka a kowace kwana. Caca dai babu mai yi a gidan, amma yaron Injiniya ya gano in ya manna katinsa a na'urar wasan yara tana tashi, ya wuni yana mannawa. Kawu yana ta karɓar ruwan gora da shayi daga kanta yana cewa yaran nan akwai kirki, bai san kowane kofi ana rubutawa har da ƙarin kashi 15 cikin ɗari na hidima ba, alhali ga na kyauta can a wurin ɗebi-da-kanka. Ga kuɗin hidima na kullum da ake ɗora ma kowane fasinja, wajen Yuro 12 babba a kowane dare, yara rabi, wanda shi dama yana rubuce a takarda, karantawa ce ba a yi ba.

Wadda ta fi ciwo ta waya ce. Matar Injiniya ta saba tun 2017 layin ƙasar Tarayyar Turai yana aiki a sauran ƙasashen ba ƙarin kuɗi, kuma haka ya yi mata a Faransa da Italiya da Malta. Abin da ba ta sani ba, in jirgi ya yi nisa da gaɓa waya na komawa kan netwok ɗin jirgin na tauraron ɗan adam, shi kuma wannan doka ba ta shafe shi ba. Ta kira gida Mabera ta bidiyo don a ga Hajiya ta warware, dangi na ta karɓa ana gaisawa ɗaya bayan ɗaya yadda muka saba, sai saƙon kamfanin layi ya shigo da lissafin kuɗin da kiran ya ci. Da ta sa wayar a yanayin jirgin sama ta sayi intanet ɗin jirgin na wuni guda da bai kai haka ba.

Duk da haka in ka tambayi Kawu wace rana ta fi masa a tafiyar, wannan yake cewa. Bayan la'asar iska ta ɗan lafa, shi da Injiniya sunka samu wani lungu a wutsiyar jirgi inda gilashi ya tare iska, sunka zauna har magariba. A gida Kawu ba ya samun minti goma ba a yi sallama da shi ba, in ɗan ya zo hutu ma a tsaitsaye ake ganawa tsakanin 'yan kasuwa da masu neman taimako. Ranar babu waya babu baƙo, sun yi maganar gonar Wamakko, da auren auta, da ko Injiniya na da niyyar dawowa gida ko a'a, wadda shekaru ana kewaye ta. A nan ne kuma Kawu ya tambaya ko wannan ne ruwan da ke cin yaranmu. Shi ne kuwa. Kudu da Malta da tsibirin Lampedusa nan ne hanyar kwalekwalen roba da ke tasowa daga Libiya da Tunisiya, kuma hukumar ƙaura ta duniya IOM ta lissafa sama da mutum 20,000 da sunka mutu ko sunka ɓace a wannan hanya ta tsakiya tun 2014. Mutumin da ke Sakkwato ba sai an ba shi labarin inda hanyar ta faro ba, ta Illela ake fita, Ƙonni, Tawa, Agadas. Injiniya ya ce tsohon ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce a tashi lokacin salla ya yi.

Da dare anka yi babbar liyafa wadda ake son kowa ya ci ado. Kawu ya zo da babbar riga ta shadda musamman don wannan, sai dai dutsen gugar da Hajiya ta sako an karɓe shi tun ranar shiga, tare da kaskon turaren wutarta na lantarki, don gobara ita ce abin da jirgin ruwa ya fi tsoro, duk abin da ke zafi ko hayaƙi ba ya shiga ɗaki. Akwai masu wanki da guga na kuɗi amma sai ka ba da tun jiya. Ƙarshenta a banɗaki anka rataye rigar anka saki ruwan zafi tururi ya ɗan sassauta ta, ya sa abarsa haka da hula, kuma Turawa sunka yi ta roƙon hoto da shi, shi da ake jin kunyar rigarsa ta yamutse. Hajiya ta leƙo ta ga kiɗa da kwalabe ta ce a maishe ta ɗaki. Kuma daren ne ake fidda akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta don ma'aikata su sauke su da safe, nan ma sai da matar Injiniya ta sake buɗe akwatin Kawu a corridor ɗin ta ciro maganinsa da fasfo da kayan da zai sa gobe, don ya tura komai ciki ya kulle.

Abin da na fahimta

In an tsefe lamarin, iska ce kaɗai ba hannun kowa. Ita ma ba abin mamaki ba ce, wanda ya zaɓi yammacin Bahar Rum a ƙarshen Disamba ya zaɓi lokacin da ruwan ya fi rashin tabbas, rana gajera, jirgi cike, tikiti kuma da tsada saboda biki. Sauran duk abubuwa ne da ake yanke su tun kafin a bar gida: wane ɗaki za a ba tsofaffi, me likita ya ce game da magani, an nemi halal ko ba a nema ba, katin yara a buɗe yake ko an je ofishin karɓar baƙi an toshe shi, guga an ba da tun ana saura kwana. Ban ga laifin Injiniya a niyya ba, amma ya sayi tafiyar ne da idon mai shekara talatin da wani abu da ya saba da Turai, bai zauna ya auna ta da jikin mai sittin da bai taɓa kwana kan ruwa ba. Kuma da wunin tekun a farkon tafiya ya faɗo ba a ƙarshe ba, ina jin da Hajiya ta sauka a tasha ta gaba ta ce a nemo mata jirgin sama.

Masu tambayata irin wannan tafiya yanzu, in da tsofaffi a ciki nakan fara kawo masu zancen Bahar Maliya. Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin, AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu giya babu caca, abinci halal, akwai wurin salla, ga shi ana iya haɗawa da Umra, kuma Disamba a can ba sanyi. Ba wai ya raba ka da jiri ko kuɗin kati ba ne, teku teku ce, amma rabin abin da ya wahalar da su Kawu bai taso ba. Wanda kuma ya nace sai Turai, watannin bazara zuwa farkon kaka ruwan ya fi kwanciya.

Su dai har yanzu ba su daidaita ba. Hajiya ta ce ko kyauta aka ba ta ba ta ƙarawa, Kawu na cewa a sake amma a ba shi ɗakin ƙasa tun farko kuma a samo mai wunin teku biyu. Kuɗin asibitin jirgi kuwa muna kan nema daga inshora, sun ce rasit kaɗai bai isa ba sai da rahoton likitan jirgin mai sa hannu da hatimi, na Hajiya an karɓo kafin a sauka, na Kawu babu wanda ya tuna, Injiniya ya rubuta ma kamfanin jirgin yana jiran amsa.